Shi yana son zagaye Tafkin Volta, ni hutu nake nema

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kumasi, 'ya'yanmu uku, autan shekararsa uku. A watan Oktoba za mu cika shekara goma da aure in Allah ya kai mu. Tun da aka kai ni ɗakina, ni da maigidana ba mu taɓa kwana a waje mu biyu ba. Ni na kawo shawarar mu fita, na ce a yi da kuɗin adashin da zan kwasa. Abin da nake so bai wuce mu je Akosombo mu kama ɗaki a bakin ruwa mu huta ba. Ya amince, har na yi murna. Bayan kwana biyu sai ga shi da takarda ya zana hanya: mu tashi daga Kumasi mu je Yeji, mu haye ruwa zuwa Makango, mu shiga Salaga, mu gangara Kete Krachi garin kakansa, mu sake hayewa zuwa Dambai, mu bi ta Kpando mu isa Akosombo, sannan mu dawo gida. Duk a kwana huɗu, don ba ya iya barin shagonsa na kayan mota fiye da haka. Kuma wai a gidajen 'yan uwa za mu riƙa kwana don kada a ɓata kuɗi. Da na ce ba haka nake nufi ba, sai ya ninke takardar ya ce to a fasa. Yau kwana tara ba wanda ya sake tayar da maganar. Hajiyarsa ma ta ji labari, ta ce su da suka shekara arba'in da aure ba su san wannan bidi'ar ba, in kuma dole sai an je to a tafi da auta. Ga shi ina tsoron ruwa ƙwarai. Anti, son kai na yi? In haƙura in bi tsarinsa, ko in bar maganar gaba ɗaya?

'Yar uwarki daga Kumasi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya kai mu lokacin lafiya, ya ƙara muku zaman lafiya, ya raya zuri'a.

Ba son kai kika yi ba. Matar da ta shekara goma tana riga kowa tashi tana bin bayan kowa kwanciya, ta ce tana son kwana uku da ba za ta ɗora tukunya ba, ai ba ta roƙi abu mai yawa ba. Kada ki fasa, kada kuma ki bi tsarin nan yadda yake, zan faɗa miki dalili. Amma kafin mu je ga hanya da jirgin fito, mu fara da takardar da aka ninke, don a nan maganar ta tsaya.

Ki duba abin da ya faru ta wajensa. Kin kawo shawara, bai ce miki ba shi da lokaci ba, bai ce wannan aikin Turawa ne ba. Ya tafi ya kwana biyu yana lissafi, wataƙila har ya tambayi direbobin da ke zuwa shagonsa, ya zo miki da abin da ya haɗa da hannunsa. Da yawa daga mazanmu bakinsu ba ya iya furta abin da ke ransu, sai dai su nuna a aikace: a gyara ƙofa, a sayo nama, a zana hanya. Ke kin ce "ba haka nake nufi ba", shi kuwa abin da ya shiga kunnensa shi ne "aikinka bai yi ba". Ga kuma zancen kuɗi. Adashinki ne, kuma namiji mai zuciya yana jin nauyin a ce ya kwanta a otal da gumin matarsa. Ina kyautata zaton batun kwana a gidajen 'yan uwa daga nan ya samo asali. Da rowa ce, da tun farko bai amince ba.

Sai Kete Krachi. Kin ambace shi a taƙaice, "garin kakansa", amma ina ganin duk takardar nan don garin nan aka zana ta, sauran garuruwan rakiya suka yi. Kin san yawancinmu mutanen zango ta hanyar goro kakanninmu suka iso ƙasar nan. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato suna tasowa da jakuna, su kawo kanwa da tufafi da fatu, su sauka a Salaga su koma da goron Asante. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa da malamai suka watsu, da yawansu suka gangara Kete, wadda ita ce unguwar baƙi Musulmi kusa da garin Krachi. A nan babban malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934. Daga baya aka zo aka datse kogin Volta a Akosombo. An fara aikin a 1961, aka gama a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe shi a farkon 1966. Ruwa ya taru ya mamaye ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutane wajen 80,000 aka mayar da su sababbin matsugunai 52. Tsohon garin Kete Krachi yana cikin waɗanda ruwa ya ci. Ke nan idan kakansa a tsohon garin ya zauna, gidan da maigidanki yake jin labarinsa tun yana yaro yana ƙarƙashin tafkin da kike so ki zauna ki kalla. Mutumin da ya ce zai kai matarsa can, abu mai daraja a wurinsa yake son nuna mata. Ki riƙe wannan a ranki lokacin da za ku yi magana.

Matsalar ita ce tafiya biyu ya cusa a cikin ɗaya, taura biyu kuwa ba ta taunuwa. Akwai tafiyar mata da miji, akwai ziyarar tushe da zumunci. Kowacce tana da kyau, amma in aka haɗa su a kwana huɗu, duka biyun za su lalace.

Mu bi hanyar tasa da lissafi. Zagayen da ya zana yana neman kilomita 1,000, kuma ba duka ne kwalta mai santsi ba. Daga Kumasi zuwa Yeji ta Mampong da Ejura da Atebubu ya haura kilomita 200, wannan kaɗai ya cinye rabin yini. A Yeji kuma ba ku ke da iko da lokaci ba, jirgin fito ke da shi. Yana da sa'o'in tashinsa, manyan motoci da na kasuwa suna kan layi, in kun iso ya riga ya cika ko ya tashi sai ku jira na gaba, na gaban kuwa yana iya zama gobe. Ni kaina na taɓa yini a bakin wani mashigi ina kallon jirgin da ake gyara injinsa, tun hantsi har la'asar sakaliya, ruwan shanmu ya ƙare, yara suna kuka. Ba wanda ya yi laifi, haka harkar fito take. To shi sau biyu ya sa hayewa a tsarinsa, ɗaya a Yeji, ɗaya a kogin Oti kafin Dambai. In ɗaya ta ci muku yini, kwana huɗun nan ya rushe. Tsakanin Salaga da Krachi kuma hanyar karkara ce, wadda damina ke wahalarwa, Oktoba kuwa ƙasa ba ta gama bushewa ba. Kuma shi kaɗai zai yi tuƙin. Ki ƙaddara komai ya tafi daidai: za ku shiga Akosombo a daren kwana na uku, bayansa ya ƙage, idonsa ya yi ja, ku kwanta, gari ya waye ku kama hanyar Kumasi. Wurin da aka yi tafiyar dominsa sai dai ku gan shi ta tagar mota. Krachi ma ba za ta samu haƙƙinta ba, don wanda ya je neman labarin kakansa zama yake yi da dattawa, a gaisa, a ci abinci, a kai shi gidan wane da wane. Wannan ba aikin awa biyu ba ne.

Batun kwana a gidan 'yan uwa kuwa, ke ma kin san yadda za ta kaya. Kuna sauka za a yi da ke cikin gida wajen mata, shi a shimfiɗa masa tabarma a waje wajen maza. Ke surukar gida ce, kunya ba za ta bar ki ki zauna ana aiki ba, kafin ki ankara kina bakin murhu kina tuƙa tuwo. Da dare a ba ki ɗaki ke da yaran gida. Sai ku yi kwana uku ba ku yi hirar minti goma ku biyu ba. Kuma ba arha ba ce yadda yake zato, don ba a shiga gidan dangi hannu rabbana, ga tsaraba, ga abin da za a miƙa wa tsofaffi, ga na yara in za a tafi. In aka tara, ba zai yi nisa da kuɗin ɗaki ba.

Shawarata ita ce a raba tafiyar gida biyu, kuma ki zama ke ce mai kawo rabon, da sharaɗin cewa ta Krachi ba za ta zama alkawarin baka ba. Ku sa mata wata tun yanzu, lokacin hutun makaranta, da rani, a tafi da yara, a tafi da Hajiya in lafiyarta za ta ɗauka. Yaran nan su ne suka fi buƙatar ganin inda suka fito. A wannan tafiyar kwana a gidan dangi shi ne daidai, don zumunci aka je. Ba kuma dole sai an zaga ta Salaga ba, akwai hanya daga Atebubu ta Kwame Danso zuwa bakin ruwa a Kojokrom, inda ake hayewa kai tsaye zuwa Kete Krachi. In yana son ganin Salaga da rijiyoyinta da tsohuwar kasuwarta, sai a ƙara kwana, a tafi a natse.

Ta ku biyun kuma, kada ki mayar da ita zaman ɗaki zalla. Mijinki mai son hanya ne, in kika kulle shi a otal kwana uku yana kallon ruwa, rana ta biyu za ki ga ya fara kiran yaron shago yana tambayar ciniki. Ki bar masa rabonsa. Ga yadda nake ganin kwana huɗun. Ranar farko ku yi asubanci, ku bi ta Konongo da Nkawkaw, inda duwatsun Kwahu ke tsaye a gefen hanya, ku karya a Bunso zuwa Koforidua, ku gangara ƙasar Krobo ta Somanya da Kpong har Atimpoku. Tafiya ce ta wajen awa shida in an haɗa da tsayawa salla da cin abinci. Dalilin asubancin shi ne hanyar Kumasi zuwa Accra manyan motoci sun yi mata yawa, ba na so dare ya same ku a kanta, a tafiya ko a dawowa. Ku kama ɗaki ɗaya na kwana uku, kada ku yi ta sauya masauki kuna ɗaure kaya kuna kwancewa.

Wajen neman ɗakin akwai abin da mutane ba sa lura da shi. Yawancin masaukan da ake cewa na Akosombo a bakin kogi suke, ƙasa da madatsar, wajejen Atimpoku da Senchi. Tafkin kansa yana sama, bayan madatsar. Duka biyun suna da kyau, na bakin kogi ma ya fi kusa da kasuwa da abinci, amma ki tambaya tun a waya: in na buɗe taga me zan gani, kuma taku nawa ne zuwa ruwa? Ki tambayi ko farashin ya haɗa da karin kumallo, ko akwai janareta, ko ana kiɗa da dare a ƙarshen mako, don wasu wuraren Asabar da Lahadi cika suke yi da 'yan shaƙatawa daga Accra, mai neman shiru sai ya yi da na sani. In za ku iya sa tafiyar a tsakiyar mako, wurin zai fi zama naku. Kuma kada ki tura kafin alƙalami ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, zuwa lambar da kika gani a Facebook kawai, sai kun tabbatar da wurin ta bakin wanda ya taɓa sauka.

Rana ta biyu taki ce. Ba a tashin kowa, ba a duba agogo. In kun ga dama da yamma ku je a zaga da ku madatsar, hukumar da ke kula da ita tana da masu yi wa baƙi jagora, sai dai ku tambayi lokutan tun da safe. Mutumin da ke sayar da kayan inji zai ji daɗin ganin inda wutar ƙasar nan ke fitowa, ke kuma daga can sama za ki ga tafkin ya miƙe tsakanin duwatsu ba tare da kin taka jirgi ba. Daga nan ku sauko gadar Adomi, wadda aka buɗe a 1957, shekarar da Ghana ta samu 'yanci, ku taka ta da ƙafa kafin magariba. A Atimpoku mata za su kewaye ku da abolo, wato wainar masara da ake turarawa, da jatan lande da ƙananan kifin nan soyayyu. Ku saya ku ci a tsaye kamar saurayi da budurwa, ba wanda ya san ku.

Rana ta uku tasa ce, ki ba shi sitiyari da zaɓi. Ku haye Adomi ku bi ta Juapong da Asikuma da Peki da Kpeve ku haura Kpando, ku gangara Torkor a bakin tafki, inda masunta ke sauke kifi, jirage suna zuwa daga ƙauyukan tsallake. Tafiya ce da za a je a dawo a yini ɗaya ba tare da an haye ruwa da mota ba. A can zai tsaya a gaban ruwan da ya haɗe har Krachi, in ya ga dama ya ba ki labarin kakansa, ke kuma ki saurara da kyau, ki yi tambaya. Ku juyo da wuri. Rana ta huɗu a kama hanyar gida bayan karin kumallo.

Abinci ba zai ba ku wahala ba. Ƙasar kifi ce, gasasshiyar karfasa da banku tana ko'ina. Inda za ki sa ido shi ne miya da nama a gidajen abincin da ba na Musulmi ba, ki tambaya ba kunya. Kuma da wuya ku shiga babban gari a hanyar nan ku rasa zango da masallaci, inda za ku samu waake da koko da ƙosai irin na gida. Ku matafiya ne, kuna da sauƙin ƙasaru, tunda zaman da za ku yi a wuri ɗaya bai kai kwana huɗu ba.

Tsoron ruwan da kike yi ba abin dariya ba ne, kada ki bari a mayar da shi haka. Lokacin da tafkin ya cika ba a sare dazuzzukan da ya mamaye ba, har yau kututturan itatuwa suna nan a ƙarƙashi, kuma suna cikin abin da ke fasa kwale-kwale, musamman wanda aka yi wa lodi fiye da kima ranar kasuwa, ko hadari ya taso masa a tsakiyar ruwa. Sai dai ki bambanta. Babban jirgin fito mai ɗaukar motoci daban, kwale-kwalen katako mai ɗan inji a baya daban. A tsarin tafiyar Akosombo da na ba ki babu inda dole sai kin shiga ko ɗaya. In kin ji zuciyarki ta yi ƙarfi, akwai babban jirgin shaƙatawa da ke zuwa tsibirin Dodi daga Akosombo, galibi a ƙarshen mako da ranakun hutu, kina iya gwadawa da shi, ya zame miki share fagen hayewar Krachi. In ba ki ji ba, ki zauna a tudu abinki. Duk jirgin da za ki shiga, a ba ki rigar kariya ki sa kafin ya tashi, in babu ki fita. Wanka kuwa ko tsoma ƙafa a gefen tafki inda ruwa ke kwance da ciyayi, ku bar shi ku duka biyun, saboda tsargiya. Ku tafi da maganin sauro na shafawa, bakin ruwa ne.

Game da lokaci, ba dole sai ranar da aka ɗaura auren ba. Oktoba ƙarshen damina ne, tafkin yana cika maƙil. A 2023 daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba sai da aka buɗe ƙofofin madatsar aka saki ruwa, ya mamaye garuruwa da dama a ƙasa, irin su Mepe. Ba kowace shekara ake haka ba, amma in kuka ɗaga zuwa ƙarshen Nuwamba za ku samu hanya a bushe, gari bai yi hazo sosai ba, kuma ba ku shiga cunkoson Kirsimeti da tsadarsa ba. Ranar cikar shekara goman kanta ki yi girkin da ya fi so, ku yi addu'a, ya wadatar.

Kuɗi kuma ku raba, don ki sauke masa nauyin da yake ji. Ki ce ɗaki naki ne, kyauta ce kika yi wa kanki da shi, mai da abinci da tsaraba nasa. Ta haka kowa ya sa hannu, ba wanda aka ɗauka. Kada ki zuba adashin duka. Ki ware wani kaso ki ajiye a gida, wani kuma ki riƙe a jaka don larurar hanya, tsabar kuɗi, saboda akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa. In lissafi ya nuna kwana uku a otal zai taɓa jarinki, ku yi biyu. Mota kuma a kai ta wajen bakanike mako guda kafin tafiya, a duba birki da taya da lagireto da fitilu, a tabbatar safaya tana da iska, jak yana aiki, lasin da inshora ba su ƙare ba. Na san kayan mota yake sayarwa, shi ya sa ma na faɗa. Masu sana'ar nan sun fi kowa yawo da sudaddiyar taya.

Saura Hajiya. Kada ki yi musu da ita kan kalmar bidi'a, ba za ki ci riba ba, kuma ba bakinki ya kamata ta ji maganar ba, bakin ɗanta ne. Malamai sun yi magana kan ware rana a riƙa yi mata biki duk shekara, wanda yake son hukunci ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Amma ku ba taro za ku yi ba, ba kiɗa, ba yanka kek. Miji ne zai fita da matarsa, wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a addini. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a cikin tafiya ya ce wa sahabbai su yi gaba, ya tsaya ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan shekaru suka sake ya wuce ta. Ɗaga tafiyar zuwa Nuwamba ma ya raba ta da zancen zagayowar rana. Ya je ya same ta ya ce, "Hajiya, zan kai ta ta huta kwana uku, da rani kuma in Allah ya yarda da ke za mu je Krachi." Ina zaton rabin faɗan zai mutu a nan. Ki kuma yi mata adalci: matar da ta shekara arba'in ba wanda ya taɓa cewa ta zo ta huta, in ta ji za a kai wata, dole abin ya ɗan sosa mata rai ko ba ta faɗa ba.

Cewar da ta yi a tafi da auta, ki saurari abin da ke bayanta. Mai yiwuwa tana tunanin ita za a bar wa yara uku, ga ɗan shekara uku mai tashin dare, ga ƙafa tana ciwo. In haka ne, maganinsa a hannunki yake. Ki ɗauko ƙanwarki ko wata 'yar uwa ta zo ta kwana da su, ki yi cefane ki ajiye, ki yi miya ki sa a firji, Hajiya ta zama mai sa ido kawai. Yaron an yaye shi, kwana uku ba zai cutar da shi ba, amma ki fara sabar masa tun yanzu, ya kwana ɗaya a wajen wadda za ta riƙe shi kina gari. In kuka tafi da shi, ke da kanki kin san wanda zai kwana a tsakiyar gado. Ku kira gida sau biyu a yini, safe da dare, sauran lokacin waya ta zauna a jaka, taki da tasa. A dawowa kada a manta da Hajiya: bandar kifi mai kyau, da duwatsun wuya na Krobo in tana sa wa jikoki.

In kuma duk wannan ya gagara, ko kuɗi ya ƙi, ko shago ya hana, kuna da tafki a bayan gida. Bosomtwe bai fi kilomita 30 da 'yan kai daga Kumasi ba, ta Kuntanase a gangara Abono. Rami ne da wani dutse daga sama ya faɗo ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ruwa ya cika shi, duwatsu masu dazuzzuka suka kewaye shi, masunta suna kamun kifi a kan gungumen katako suna tuƙi da hannu. Akwai masaukai a bakinsa. Ku tafi ranar Juma'a bayan an sauko, ku dawo Lahadi. Ko da Akosombon za ta yiwu, kwana ɗaya a can gwaji ne mai kyau ga auta da Hajiya, har da ku kanku, don mutanen da suka shekara goma ba su zauna su biyu ba, farkon zaman sukan rasa abin cewa in ba zancen yara da kuɗin makaranta ba. In hakan ta faru kada ki tsorata, ki tambaye shi ranar da ya fara zuwa zance gidanku me ya gani, ki ga yadda bakin zai buɗe.

Kwana tara ya isa haka. Yau da dare, bayan yara sun yi barci ya ci abinci, ki ce masa, "Maigida, ina takardar nan? Ban kalle ta da kyau ba ranar nan, ina so ka nuna mini." Ki bar shi ya bi ta da yatsa tun daga Yeji har ƙarshe, kada ki katse shi. In ya zo Krachi ki tsayar da shi a nan, ki tambaye shi wa ya rage a can cikin dangi, yaushe rabonsa da zuwa. Sannan ki ce garin nan ya fi ƙarfin a ratsa shi a tsaye, kina so ku je da yara da Hajiya ku kwana biyu, wannan karon kuma kina roƙon kwana uku nasa ke kaɗai. Ki miƙa masa biro ya zana hanyar Akosombo da hannunsa. In ya ce zai yi tunani, ki ƙyale shi ya yi, kada ki sake tayarwa sai bayan kwana biyu.

Ki rubuto mini yadda kuka ƙare. Ki gaida Hajiya da yaran.